Shingen Iyaye a Kwamfuta da Wayar Yaro: Yadda Ake Kafa Shi da Iyakarsa a Gidajen Jega da Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin tsarin da kamfanonin kwamfuta da na wayar salula suka tanadar wa iyaye domin su taƙaita abin da yaro ke gani da lokacin da yake ɗauka a kan na'ura, sannan ta auna tsarin da yanayin gidajen Hausawa a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi. An bi matakan kafa shi a kan Windows da Android da kuma hanyar da intanet ke shigowa gida, aka nuna abin da kowane mataki ke iya hanawa da abin da ya gagare shi. Maƙalar ta nuna cewa an gina tsarin ne bisa zaton ƙaramin gida, inda kowane yaro ke da na'urarsa, intanet ba ya yankewa, iyaye kuma suna karanta Turanci. A inda wannan zato bai tabbata ba, amfanin tsarin ya rataya ne a kan wanda aka damƙa wa kalmar sirri, da kuma irin dangantakar da ke tsakaninsa da yaron. Daga ƙarshe an kawo aikin da ke jiran masana harshe da al'adun Hausa a wannan fage.

Fitilun kalmomi: shingen iyaye, tarbiyya, kwamfuta, intanet, kunya, Jihar Kebbi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2001 aka fara amfani da layukan wayar salula na zamani a Najeriya. A shekarar 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan a kan kwamfuta, bayan ta soma gwada hakan a 2013. A watan Maris na 2020 kuma annobar korona ta sa aka rufe makarantu, karatun yara da dama ya koma rediyo da talabijin da waya. Waɗannan abubuwa uku sun sauya matsayin na'ura a gidan Bahaushe. Uban da a da zai iya cewa ɗansa ba zai taɓa kwamfuta ba, yau ya san cewa idan yaron bai saba da ita ba, zai shiga ɗakin jarrabawa yana laluben haruffa, lokaci kuma yana tafiya.

Hausawa kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A sha'anin rayuwa maganar tana nan daram. A sha'anin na'ura kuwa sau da yawa yaron ne ke gaba: shi ke saita wa mahaifinsa waya, shi ke tuna masa lambar sirri, shi ke gyara ta idan ta rikice. Ke nan an wayi gari iko yana hannun iyaye, sanin na'ura yana hannun 'ya'ya. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace yadda ake kafa kariyar da na'urorin suka zo da ita, da nuna inda take da rauni a gidajen Hausawa, da kuma bayyana yadda tsarin zumunci na gargajiya zai iya cike giɓin.

2.0 Farfajiyar Nazari

An ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Jega da Aliero da Maiyama ƙananan hukumomi ne masu maƙwabtaka da juna a cikin Masarautar Gwandu. Jega tsohon garin kasuwanci ne, kuma mahaɗar hanyoyin da suka nufi Birnin Kebbi da Sakkwato da Yawuri. Aliero ta shahara da noman albasa da cinikinta da kuma sana'ar ɗori, kuma a nan aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar a shekarar 2006. Maiyama tana kudu da Jega a kan hanyar Koko da Yawuri, mafi yawan mutanenta manoma ne.

Wannan yanayi yana da tasiri a kan yadda na'ura ke isa hannun yaro. A gidajen malamai da ma'aikata akan sami kwamfutar tafi-da-gidanka da aka saya don aiki, yara kuma su riƙa amfani da ita bayan mai ita ya tashi. A gidajen 'yan kasuwa da manoma waya ce kan gaba, domin da ita ake jin farashin buhun albasa a kasuwannin nesa, da ita ake karɓar kuɗi a aika. Wayoyin da suka fi yawa, irin su Tecno da Infinix da itel, suna aiki ne da tsarin Android. Ɗaliban jami'a da ke komawa gida hutu su ma hanya ce, domin sukan bar wa ƙannensu tsohuwar waya idan sun sauya. Saboda haka duk bayanin da ya tsaya a kan kwamfuta kaɗai ya bar mafi yawan gidajen yankin a baya.

3.0 Ma'anar Tsarin da Zaɓen Sunansa

Abin da ake magana a kai tarin saiti ne da ke cikin na'ura ko manhaja, wanda ke ba wani babba damar yin abubuwa huɗu: tace shafukan da yaro zai iya buɗewa, ƙayyade lokacin amfani, hana sauke manhaja ko sayen wani abu sai da izini, da kuma samun rahoton abin da aka yi da na'urar.

Har yanzu Hausa ba ta tsayar da suna guda ga wannan tsari ba. Kalmomi uku ne suka fi kusa. Ta farko ita ce "takunkumi", amma asalinta abin da ake sa wa dabba ne a baki, a harshen jarida kuma ta koma nufin horon da ake yi wa ƙasa, don haka tana ɗauke da ma'anar hukunci. Ta biyu ita ce "linzami", wadda ta dace da ma'anar juya akala, sai dai an riga an ara wa 'yar na'urar da ake jan kibiyar allon kwamfuta da ita. Ta uku ita ce "shinge". Manomin lambu yana yin shinge ne don ya tsare shukarsa daga abin da zai shigo daga waje, yana barin ƙofa, kuma ya san cewa shinge kan lalace, sai an riƙa gyara. Wannan ya yi daidai da yanayin tsarin, shi ya sa maƙalar ta zaɓi "shingen iyaye".

4.0 Abin da Ake Tsare Yaro Daga Gare Shi

Haɗarin da iyaye suka fi ambata shi ne hotuna da finafinan batsa. Amma akwai wasu da ba su kai shi fitowa fili ba. Akwai cacar wasanni, wadda ake yi ta waya, kuma duk da cewa kamfanoninta sun ce sai ɗan shekara 18, yaron da ke riƙe da wayar mahaifinsa mai manhajar banki yana iya shiga. Akwai baƙin da ke neman yaro da hira har su sa shi aika hoton da za su riƙa yi masa barazana da shi. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya sanar da cewa ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke da alaƙa da irin wannan damfara, abin da ke nuna cewa masu sana'ar ba su yi nisa ba. Akwai kuma asarar barci da lokacin karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini.

Doka ma ta san da wannan nauyi. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta hotunan batsa na yara da yaudarar su ta na'ura. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye ko mariƙi kafin a sarrafa bayanan yaro. Sai dai doka tana aiki ne bayan an yi ɓarna. Shinge kuwa riga-kafi ne.

5.0 Matakan Kafa Shingen

5.1 Raba Asusu

Tushen komai shi ne yaro ya sami asusunsa daban a cikin na'ura. A kan Windows asusu iri biyu ne: na mai gudanarwa, wanda ke iya sa manhaja da cire ta da sauya kowane saiti, da na gama-gari, wanda ba ya iya yin waɗannan sai an shigar da kalmar sirrin mai gudanarwa. Kwamfutar da aka saya a kasuwa, musamman wadda aka riga aka yi amfani da ita, takan zo da asusu guda na mai gudanarwa, sau da yawa ba kalmar sirri. Duk shingen da aka kafa a irin wannan asusu, yaro zai iya kwance shi da kansa. Don haka matakin farko shi ne babba ya sa wa asusun mai gudanarwa kalmar sirrin da yaro ba zai iya cinka ba, wato ba shekarar haihuwa ko lambar waya ko sunan ɗan auta ba, sannan ya buɗe wa yaron asusun gama-gari.

5.2 Kwamfuta Mai Windows

A Windows 7, wanda ya fito a 2009, shingen yana cikin kwamfutar kanta: ana iya zaɓen awannin amfani da wasanni da manhajojin da aka yarda da su ba tare da intanet ba. Sai dai Microsoft ya daina tallafa wa wannan tsari a watan Janairu na 2020, don haka shiga intanet da shi yana da haɗari. Daga Windows 10, wanda ya fito a 2015, an mayar da shingen kan asusun Microsoft, ana kiran sa Family Safety.

Ga yadda ake kafa shi. Babba zai buɗe asusun Microsoft da imel ɗinsa. A cikin saitin kwamfuta zai shiga sashen Accounts, sannan Family, ya ƙara yaron a matsayin ɗan gida, ya buɗe masa nasa asusun da ainihin ranar haihuwarsa. Wannan na da muhimmanci, domin da shekarun da aka rubuta ne tsarin ke tantance abin da ya dace. Daga nan, ta shafin Family Safety ko manhajarsa ta waya, babban zai sa adadin awannin kowace rana da lokacin da aka yarda a kunna, misali bayan dawowa daga Islamiyya zuwa magariba. Zai kunna tace shafuka, ya sa iyakar shekaru ga manhajoji da wasanni, ya kuma nemi a riƙa aiko masa da rahoton mako. Ga ƙaramin yaro akwai zaɓin da ya fi tsauri, inda ba shafin da zai buɗe sai wanda aka rubuta cikin jerin da aka yarda da shi.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, tace shafukan yana aiki ne a burauzar Edge kaɗai, shi ya sa tsarin ke toshe sauran burauzoji idan an kunna shi. Wanda ya buɗe wa yaro Chrome ko Firefox daga baya ya yi wa shingensa ƙofar baya. Na biyu, yaron da ya ƙware yana iya tayar da kwamfutar daga filasha, ya kauce wa Windows gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne sa kalmar sirri a saitin farko na kwamfutar, wanda ake kira BIOS.

5.3 Waya da Kwamfutar Hannu Masu Android

Kamfanin Google ya fito da manhajar Family Link a 2017. Babba zai sa ta a wayarsa, ya buɗe wa yaro asusun Google na yara, sannan ya shigar da asusun a na'urar yaron. Daga wayarsa zai iya amincewa ko ƙin duk manhajar da yaron ya nemi saukewa daga Play Store, ya sa iyakar awanni, ya sa lokacin barci da wayar za ta kulle kanta, ya tace sakamakon bincike da shafukan Chrome. Family Link ba ta nuna wa iyaye saƙonnin yaro. Shekara 13 ce Google ya sa a mafi yawan ƙasashe a matsayin lokacin da yaro zai iya mallakar asusun kansa, adadin kuma ya samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 kan bayanan yara a intanet. Na'urorin Apple suna da makamancin wannan tsari mai suna Screen Time tun 2018, YouTube yana da manhajar yara tun 2015, TikTok kuma ya fito da hanyar haɗa asusun iyaye da na yaro a 2020.

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne tun a shagon sayar da waya. Mai shago kan buɗe wa mai saye imel nan take don wayar ta fara aiki, ya sa shekarun babba, ya rubuta kalmar sirri a takarda. Idan wayar ta yaro ce, to na'ura ta ɗauke shi babba tun ranar farko. Ɗaya daga cikin hanyoyin gyara wannan ita ce a kwashe abin da ake buƙata, a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, a sake farawa da asusun yara.

5.4 Tacewa a Hanyar Shigowa

Duk lokacin da aka rubuta sunan shafi, na'ura kan tambayi wata ma'ajiyar adireshi da ake kira DNS domin ta sami lambar shafin. Akwai ma'ajiyoyin da aka tsara su ƙi ba da amsa idan shafin na batsa ne. Kamfanin Cloudflare ya buɗe irin wannan kyauta a 2020 a lamba 1.1.1.3, OpenDNS kuma yana da tasa a 208.67.222.123. Idan aka sa lambar a na'urar da ke raba intanet a gida ko a ɗakin kwamfutar makaranta, duk wanda ya jona da ita ya shiga cikin shingen. Amfanin wannan hanya shi ne ba ta buƙatar asusu ko imel. Rauninta shi ne da zarar yaro ya koma kan datar layinsa, ko ya sa manhajar VPN, ya fita daga ƙarƙashinta. Haka kuma tana toshe shafi ne ɗungurungum, ba ta iya bambance mai kyau da maras kyau a cikin dandali guda.

5.5 Wayar Aro

Mafi yawan ƙananan yara ba su da na'urar kansu, ta uwa ko ta uba suke ara. A nan abin da ya fi sauƙi shi ne maƙale allo, wanda Android ya zo da shi tun 2014: babba zai buɗe manhajar da ya yarda da ita, ya maƙale ta, yaro ba zai iya fita zuwa wata ba sai da lambar buɗe waya. Ya kamata kuma manhajar banki ta kasance da lambar da ta bambanta da ta buɗe wayar. Ɗan kasuwar da ya miƙa wa yaro waya a rumfa don ya yi shiru, da asusun cinikinsa duka ya miƙa masa.

6.0 Inda Shingen ke da Ɓaraka

6.1 Girman Gida

Rukunin iyali na Google ba ya ɗaukar fiye da mutum 6, har da shugaban rukunin. Na Apple ma haka. Wannan adadi ya isa gidan mata da miji da 'ya'ya huɗu. A gidan gandu, ko gidan mai mata biyu ko uku, inda 'ya'ya da jikoki da 'ya'yan riƙo ke cin tuwo a tukunya ɗaya, adadin ya yi kaɗan. Mafita ita ce a raba rukuni ɗaki-ɗaki, kowace uwa ko babban ɗanta ya riƙe na ɗakinsu. Amma idan dokar ɗakuna ta bambanta, yaron da aka kulle wa waya da ƙarfe tara zai tsallaka ɗakin da ba a kulle ba, bambancin kuma yana iya zama abin ƙorafi tsakanin kishiyoyi. Ke nan sai maigida ya tsayar da doka ɗaya ga gidan duka kafin a taɓa saiti.

6.2 Abin da Ba Ya Bi ta Intanet

An gina shingen bisa zaton cewa ta intanet abu ke shigowa. A garuruwan Arewa kuwa, tsadar data ta sa kaso mai yawa na finafinai da waƙoƙi yana yawo ne hannu da hannu. Akwai masu sana'ar turi a kasuwanni da tashoshin mota, waɗanda ke cika katin ajiya da finafinan Hausa da na Indiya da aka fassara. Akwai Bluetooth da manhajar Xender da abokai ke tura wa juna abu ba tare da data ba. Babu matatar shafi da ke ganin abin da ya shigo ta wannan hanya. Abin da shinge zai iya yi shi ne hana sa manhajar turi da ƙayyade lokaci. Duba abin da ke cikin katin kuwa sai mutum. Bugu da ƙari, sabon saitin da uba ya yi daga wayarsa ba ya isa na'urar yaro sai ta hau intanet, rahoton mako ma haka. A ƙauyukan da sabis ke da rauni wannan jinkiri yana iya ɗaukar kwanaki.

6.3 Harshe

Matatun suna aiki ne da jerin shafukan da aka riga aka tantance, da kalmomin da aka koya musu, da kuma na'urar gane hoto. Mafi yawan wannan koyarwa da Turanci da sauran manyan harsuna aka yi ta. Rubutun Hausa na waya yana da siffofin da ke wahalar da na'ura. Akan bar ƙugiyar haruffa, sai "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa", su zama abu guda. Akan haɗe kalmomi ko a raba su ba bisa ƙa'ida ba. Karin harshen yamma, wanda ake yi a wannan yanki, yana da nasa siffofi, kamar "shina" a madadin "yana", da "hwari" a madadin "fari", da "icce" a madadin "itace". Fiye da haka, Bahaushe ba ya cika kiran abin kunya da sunansa. Yakan sakaya, ya yi habaici, matasa kuma kullum suna ƙirƙiro sabuwar sara. Labarin batsa da aka rubuta da Hausa yana iya wucewa ta matatar da za ta tare takwaransa na Turanci. Idan kuma ta WhatsApp aka tura shi, ko a rubuce ko da murya, to tun 2016 saƙonnin manhajar a rufe suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, ba matatar da ke karanta su.

Matsalar harshe ta shafi iyaye ma. Umarnin saitin da rahoton mako da Turanci suke zuwa. Uban da ya yi karatun allo da na littattafai mai zurfi, yake rubuta lissafin kasuwancinsa da ajami, ba jahili ba ne, amma rahoton ba zai amfane shi ba sai an karanta masa. Idan yaron da ake tsarewa shi ne mai karantawar, shingen ya zama suna kawai.

7.0 Wa Zai Riƙe Kalmar Sirri?

Duk ɓarakar da aka lissafa tana komawa ga buƙatar mutum: wanda zai duba katin ajiya, ya karanta rahoto, ya gane sakayar da na'ura ba ta gane ba, ya kuma yi magana da yaron. Jagororin kamfanonin suna ɗauka cewa uwa ko uba ne zai zauna da yaro su tattauna abin da ya gani. A al'adar Hausawa wannan yana cin karo da kunya. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa kunya cikin siffofin da ake auna mutum da su, tare da amana da gaskiya da ladabi da sauransu. Iyaye da yawa ba sa kiran sunan ɗan fari, balle su tattauna batun jiki da shi. Yaron da wani baƙo ya tsorata a intanet zai fi jin tsoron mahaifinsa ya sani fiye da tsoron baƙon, wannan shirun kuma shi ne jarin mai barazana.

Sai dai al'adar da ta sa kunya tsakanin uba da ɗa ita ce kuma ta buɗe wasu ƙofofi. Akwai wasa tsakanin kaka da jika, akwai sakewa tsakanin yaro da kawunsa ko gwaggonsa ko innarsa, akwai taubasantaka, akwai kuma yaya da ke da ikon tsawatarwa ba tare da nauyin da ke kan uba ba. Tun asali ta waɗannan hanyoyi ake isar wa yaro maganar da iyaye ba za su iya furtawa ba, kamar yadda ake yi wajen yi wa amarya faɗa. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, kuma tsarin riƙo ya tabbatar da haka a aikace.

Saboda haka abin da ya fi dacewa da irin waɗannan gidaje shi ne raba aikin gida biyu. Iyaye su yanke doka: awa nawa, wane lokaci, a wane wuri za a yi amfani da na'ura, ina za ta kwana. Aiwatarwa kuma a damƙa wa wani babba amintacce da ya san na'ura, yaron kuma yake iya yi wa magana, kamar yayan da ke karatu a jami'a ko ƙanwar uwa mai koyarwa. Tun da ana sarrafa Family Link da Family Safety daga nesa, ɗalibin da ke Aliero zai iya kula da wayar ƙanensa da ke Maiyama. A rubuta kalmar sirri a ajiye wurin maigida, domin kada tafiyar mutum ɗaya ta kulle na'urar.

Akwai sharuɗɗa uku. Na farko, a sanar da yaro cewa an kafa shinge da dalilin kafa shi. Leƙen asiri a ɓoye, ranar da ya tonu, yakan koya wa yaro ɓoye-ɓoye ne kawai, ya nemi wayar aboki. Na biyu, a tabbatar masa cewa idan ya kawo ƙarar abin da ya tsorata shi ba za a fara da duka ko ƙwace na'ura ba. Na uku, a riƙa sassauta shingen gwargwadon shekaru, kuma mizani ya zama ɗaya ga mace da namiji. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, a bayanin da ya fitar a 2021 game da duniyar na'ura, ya jaddada cewa kariya ta tafi tare da girman hankalin yaro da damarsa ta neman ilimi. Yarinyar da aka hana taɓa kwamfuta gaba ɗaya da sunan tsaro, ita ma jarrabawar JAMB ɗin nan za ta zauna.

8.0 Aikin da ke Gaban Masana Hausa

Wannan fage yana buƙatar masana harshe da al'ada kamar yadda yake buƙatar masana kwamfuta. Aiki na farko shi ne daidaita kalmomi, domin a sami sunaye tabbatattu ga asusu da saiti da matata da sauransu, a shigar da su ƙamus kamar yadda Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya tattara kalmomin zamaninsa. Na biyu shi ne shirya jagora da Hausa, a rubuce da boko da ajami, da kuma ta murya, tun da saƙon murya da rediyo sun fi isa ga iyaye mata a cikin gida. Na uku shi ne tattara rubutun Hausa na waya, da kare-karensa da sararsa da sakayarsa, a tsara shi yadda masu gina matatu za su iya koyar da na'ura da shi. Na huɗu shi ne nazarin fili a kan yadda kunya da wasan dangi ke aiki a sha'anin na'ura. Kasancewar jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ya sa haɗin gwiwar ɓangarorin biyu abu ne mai yiwuwa a yankin.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kafa shingen iyaye yana farawa ne da raba asusu da rubuta ainihin shekarun yaro, sannan ƙayyade lokaci, da tace shafuka, da hana sauke manhaja sai da izini. Waɗannan matakai kyauta ne, kuma suna rage haɗuwar ƙaramin yaro da abin da bai nema ba. An kuma nuna cewa girman gida, da turi hannu da hannu, da raunin matatu a harshen Hausa, da kasancewar umarnin da Turanci, duk suna rage ƙarfin shingen a Jega da Aliero da Maiyama da makamantansu. Abin da zai cike giɓin shi ne iyaye su riƙe doka, su damƙa aiwatarwa ga ɗan uwa amintacce da yaro ke iya buɗe wa ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ranar da na'ura ta shigo gida ita ce ranar da ya kamata a kafa shingen, a kuma faɗa wa yaron wanda zai nufa idan ya ga abin da ya dame shi.